Ɗan Kwalli, wanda na tasa daga barci a watan Janairu 🧵

1/
Jama'a, tun watan Janairu nake son ba ku labarin nan, amma na ce bari in ga ƙarshensa tukuna. To jiya da daddare na ga abin da zan iya kira ƙarshen. Labarin wata 'yar dabba ce da na kusa kashewa har sau biyu, na farko da mugunta, na biyu da tausayi. Zaren da ɗan tsawo, a gyara zama.

2/
Ga waɗanda ba su sani ba, karatu nake a Mainz, ƙasar Jamus, bakin kogin Rhine. Kuma ba ilimin dabbobi nake karanta ba, ɓangaren kwamfuta nake, shekara ta biyu. Ina haya a saman gidan wata tsohuwa, ɗakin da ke ƙarƙashin rufi. A bayan gidan akwai lambu, itatuwan tuffa biyu, da wata rumfar katako ta ajiyar tarkace. Oma nake ce mata, wato Kaka. Ita ta ce in riƙa kiran ta haka.

3/
Bara wajen watan Yuni aka fara hana ni barci. Da na kashe fitila sai a soma: guje-guje a saman silin, tsuwwa, gurnani, wani lokaci wata ƙara kamar ana jan tsohuwar ƙofa. Har ƙarfe uku na dare. Ni da na tashi a gidan da ake jibge buhunan masara a zaure, wa zai koya min ƙarar ɓera?

4/
Na zagaya shago uku ina neman gam ɗin nan na kama ɓera da ake talla a kowace tasha a gida. Babu. Wani mai shago ma kallona ya yi kamar na ce ya sayar min da bindiga 😂 Daga ƙarshe na dawo da kwalin guba.

5/
Gaskiya ɗaya ce, ba imani ne ya hana ni zuba ta a daren ba. Takardar bayanin ce. Jamusanci shafi biyu da ƙananan rubutu, ni kuma jarrabawa na jira na. Na jefa kwalin a durowa na ce sai an gama. Aka gama, na shiga aikin hutu, na manta. Wajen Oktoba ƙarar ta ɗauke gaba ɗaya. Na ce alhamdulillahi, ɓeraye sun yi ƙaura.

Ku riƙe maganar durowar nan, za mu dawo kanta.

6/
Tsakiyar Janairu, wata Asabar, sanyi ya sauka ƙasa da sifili. Oma za ta fita kasuwa ta ce in ɗauko mata wani kwalin tsofaffin barguna a rumfar lambu. Na ɗaga bargon sama, sai ga wani curi na busasshen ganye da gansakuka da zaren da aka yagi bargon, an naɗe shi kamar sheƙar tsuntsu. Na buɗe da sanda.

7/
Wani abu ne a dunƙule kamar ƙwallo, bai kai cikin tafin hannuna ba. Ya cusa hancinsa a ciki, ya naɗo wutsiya ta rufe fuska. Na zungure shi, ko motsi. Na taɓa da yatsa: sanyi ƙalau, kamar abin da aka ciro daga firji. Na ce mushe. Na kwashe shi a shebur na nufi bola.

8/
Saura taku kaɗan in kai, wutsiyar ta zame daga fuskar. Nan na tsaya. Wani baƙin layi ya zagaye idanunsa ya zarce har bayan kunne, kamar yarinyar da ta samu kwallin mamarta babu kowa a ɗaki. Kunnuwa manya. Baya ruwan ƙasa, ciki fari tas. Wutsiyar kuma ba tsirara ba irin ta ɓera, gashi ne da ita, ƙarshenta da tunku baƙi da fari kamar burushi.

9/
Sai na lura ba ya wari, kuma jikinsa bai sandare ba. Na tsuguna a cikin sanyin nan ina kallo. Minti ɗaya, biyu, shiru. Har zan miƙe sai na ga haƙarƙarinsa ya ɗan ɗaga. Sau ɗaya. Sai shiru kuma.

Na ce Allah Sarki, sanyi ne zai kashe bawan Allah.

10/
Na cire hulata na saka shi, na haura ɗaki da gudu, na ajiye shi gefen hita, na lulluɓa masa tawul. Har hoto na ɗauka na sa a WhatsApp da rubutun wai yau na ceci rai. Mutum goma sha wani abu sun yi min addu'ar Allah ya ba da lada 😭

11/
Can sai ya fara karkarwa. Duk jikinsa na rawa kamar mai masassara, numfashi na ƙaruwa. Wajen awa guda ya buɗe ido, manya, baƙaƙe wuluk, ya tsaya yana tangaɗi kamar wanda aka tasa sahur. Ina jin ƙarar ƙofa na sauka na tarbo Oma, ina ta washe baki, na ce ta zo ta ga abin da na yi.

12/
Ta leƙa. Ta dafe kai. Shekara ɗaya da rabi a gidanta ban taɓa jin ta ɗaga murya ba sai ranar. Ta ce: yaro, me ka yi? Ba mutuwa yake ba, barci yake! Kashe hitar nan, buɗe taga!

Ni da nake jiran yabo. Garin neman gira na kusa tsone ido.

13/
Sunansa Gartenschläfer, ma'ana mai barcin lambu. Faransawa na ce masa lérot, a littattafan kimiyya kuma Eliomys quercinus. Ni dai tun ranar Ɗan Kwalli nake ce masa. Oma ta ce shekara da shekaru suna zaune a rufinta, su ke gatsar mata tuffa duk kaka, kuma doka ta hana kama su, ko kashe su, ko lalata musu sheƙa.

14/
Ta kira wata cibiyar kula da namun daji, ta sa wayar a sifika. Matar da ta ɗauka ba ta yi min faɗa ba, wanda ya fi faɗan ciwo. A hankali ta bayyana min abin da na aikata. Daga baya na bi na karanta da kaina. Ku saurara, nan ne abin mamakin yake.

15/
Abin da yake yi daga wajen Oktoba zuwa Afrilu ba barci ba ne irin namu. Kusan kashe injin yake yi. Zafin jikinsa, da a ka'ida ya yi kusa da namu, sai ya sauka ya bi sanyin wurin da yake kwance, har dab da sifili. Zuciyar da ke bugawa sau ɗaruruwa a minti sai ta koma 'yan ƙalilan da za ka ƙirga da yatsu. Numfashi kan tsaya na mintuna. Abin da na gani ke nan na ce mushe.

16/
Kuma ba ya tara abinci a rami kamar gafiya. A jikinsa yake tarawa. Lokacin zafi nauyinsa giram 60 zuwa 90 ne. Kafin hunturu sai ya ci ya ci har ya haura giram 100. Wannan kitsen shi ne guzurinsa na wata shida ko bakwai. Babu ƙari, babu bashi.

17/
Ga inda laifina yake. Shi da kansa yakan farka duk bayan mako ɗaya ko biyu: ya ƙona kitse ya ɗumama jikinsa, ya yi 'yan awanni, ya sake komawa. Waɗannan 'yan farkawar su ke cinye mafi yawan guzurin hunturun, ba kwanciyar ba. Karkarwar da na gani ina murna, kitsensa ne yake ƙonewa a gabana.

18/
Ku ɗauka waya ce aka yi mata caji sau ɗaya, aka ce dole ta kai wata shida, aka kashe komai a cikinta. Kai kuma ka zo ka kunna data ka buɗe bidiyo, wai taimako kake. Idan cajin ya ƙare a watan Maris, babu ƙwaro a waje, babu 'ya'yan itace. A cikin barcin zai wuce, babu ma wanda zai sani.

19/
Matar ta ce a auna shi. Oma ta ɗauko sikelin da take auna fulawa, muka sa shi cikin kwano. Giram 81. Ta ce ba laifi, zai iya kaiwa, in ba a sake damun sa ba. A samu akwatin katako mai ƙaramar kafa, a mayar masa da sheƙarsa, a ajiye ruwa da ɗan abinci a gefe, a mayar da shi rumfar nan mai sanyi, inda kyanwa ba za ta kai ba. Sannan ta ce, da sunana: kar ka buɗe.

20/
Wallahi mayar da shi cikin sanyin nan ya fi min komai wuya. Duk tarbiyyata cewa take mai rai a sa shi inda ɗumi yake. Na ajiye akwatin hannuna na rawa. Na koma ɗaki na goge hoton nan na WhatsApp.

21/
Daren ban yi barci ba, wannan karon babu mai guje-guje a silin. Na shiga karatu a kansa. Abu na farko: ba ɓera ba ne. Danginsa daban, ana ce musu Gliridae, kuma sun fi kusa da kurege a kan ɓeran gida. Akwai wani ɗan uwansa da ya fi shi girma da Rumawan da suke kiwatawa a cikin tulun ƙasa, su ba shi 'ya'yan itace ya yi ƙiba, su ci. Ban ce komai ba, mu ma akwai masu cin gafiya.

22/
Wani abin: beguwa, zomo, ɓera, duk suna da wani ɗan buhu a hanji inda ƙwayoyin halitta ke narka musu ciyawa da ganye. Dangin Ɗan Kwalli ba su da shi. Don haka ba zai rayu da ganye ba, sai abinci mai maiƙo da saurin narkewa. Shi kuwa a cikin danginsa ya fi kowa son nama: ƙwari, gizo-gizo, ƙadandoniya, dodon koɗi, ƙwan tsuntsu, har 'yan tsakin da ke sheƙa. Tuffa da inabi na bayan cin abinci ne. Da wannan fuskar tasa ta salihai 😂

23/
Idan mujiya ko kyanwa ta cafke shi ta wutsiya, fatar wutsiyar sai ta zare kamar safa, ya tsere ya bar ta da ita. Ƙashin da ya rage ya bushe ya faɗi. Bambancinsa da ƙadangare, tasa ba ta sake tsirowa. Na tuna da farko na yi niyyar ɗaga shi ta wutsiya, ƙyama ce ta sa na ɗauko shebur.

24/
Ƙarar da ta hana ni barci a Yuni kuwa, ashe neman aure ake da rainon 'ya'ya a saman kaina. Da sun farka suke fara kiran juna. Ciki kwana 23 ne, 'ya'ya yawanci 4 zuwa 6, kuma a yawancin wuraren sanyi sau ɗaya tak a shekara. Ɓeran gida kafin shekara ta zagayo ya haihu sau nawa? Shi ya sa in aka kashe ɓera goma gobe ka ga ashirin, wannan kuwa in aka kashe uwa ɗaya an share shekara guda.

25/
To ga abin da ya sa jikina ya yi sanyi. A cikin shekara 30 kacal, dabbar nan ta ɓace daga kusan rabin wuraren da take zaune a Turai. Da ana samun ta daga Fotugal har cikin Rasha. Yanzu gabashin ya kusa zama wayam, a Lituwaniya an daina ganin ta, a Holan saura ɗan lungu a kudancin Limburg. Inda ta rage da ƙarfi su ne Faransa, Sifen, Italiya da yammacin Jamus.

26/
Kuma aka daɗe ba a farga ba. Ta yaya za a farga? Rabin shekara yana barci. Sauran rabin sai dare yake fita. Wanda ya gan shi a guje zai ce ɓera ne. Ba giwa ba ne, ba zaki ba, babu mai zuwa yawon buɗe ido don shi.

27/
Abin ɗaure kai: a garuruwan bakin Rhine, irin su Mainz da Wiesbaden da ke tsallaken kogi, suna nan da yawa, a lambuna da gonakin inabi da rufin gidaje, har wasu na ƙorafi. Amma a dazuzzukan kan duwatsu irin na Harz, inda ya kamata a ce gidansu ne, nan suke ƙarewa. Wanda ke zaune a unguwarmu zai rantse babu abin da ya same su.

28/
Daga 2018 zuwa 2024 ƙungiyar kare muhalli ta BUND da Jami'ar Giessen da cibiyar bincike ta Senckenberg suka haɗu don gano dalili. Ɗaruruwan 'yan sa-kai suka shiga. Ana rataye wani ɗan bututu a reshe da tawada da takarda a ciki, in ya ratsa ya bar sawu. Ana kafa kyamara. Wanda ya tsinci gawarsa ya aika a bincika. A 2023 ma shi aka zaɓa dabbar shekara a Jamus.

29/
Ba abu ɗaya suka samu ba. Ƙwari sun ragu, alhali su ne abincin da yake tara kitse da shi. Fari da wani ƙwaro mai cin ɓawon itace sun kashe dazuzzuka, aka bi aka share wuraren ƙaf, babu maɓoya. Kyanwoyin gida na kamawa. Wasu na faɗawa duron tarar ruwan sama da ba a rufe ba. Sannan a jikin gawarwakin da aka bincika an samu maganin ƙwari na gona, an samu gubar ɓera.

30/
Ina karanta wannan layin na juya na kalli durowa.

31/
Kwalin na nan yadda na saye shi, ko buɗewa ban yi ba. Da a ce takardar nan da Turanci aka rubuta ta, ko da a ce ba ni da jarrabawa a makon, da na zuba a silin a watan Yuni, daidai lokacin da uwa ke shayarwa. Kuma da na kwanta na yi barcina lafiya lau, ina ganin na yi maganin ƙazanta.

32/
Sai da na yi mako uku kafin na iya gaya wa Oma. Na sauko da kwalin na ajiye a kan teburin kicin, na faɗa mata komai. Ta juya shi ta karanta bayansa, ta daɗe ba ta ce komai ba. Can ta ce: ka ga amfanin rashin iya Jamusanci. Ta saka shi a jaka ta ce akwai inda ake karɓar irin wannan shara, ba a jefa ta a bola. Ba ta sake ta da maganar ba. Ni ne dai har yau in na tuna sai in ji wani iri.

33/
Da na ba Umma labari a waya, ina ta zuba bayani wai zan burge ta, sai ta katse ni: kai, ai gaiwa ke nan. Ita 'yar wajen Haɗeja ce. Ta ce in ruwa ya janye a fadama, gaiwa na nutsewa cikin laka, ta lulluɓe kanta da majinar jikinta, ta bar 'yar kafar shan iska, ta kwanta wata da watanni har ruwa ya dawo. Suna yara sun sha ganin ana haƙo ta a busasshiyar ƙasa da ranta.

34/
Na yi shiru. Na tsallaka teku na zo ina mamakin abin da uwata ta sani tun tana 'yar shekara bakwai. Can zafi da fari ake gudu, nan sanyi da yunwa, dabarar ɗaya ce. Ko shi Ɗan Kwalli, 'yan uwansa na kudancin Sifen inda hunturu ba shi da tsanani ba sa dogon barcin nan, wasu ma a tsakiyar zafi suke ɗan lafewa.

35/
Ta ƙara da wata tambaya da ta tsaya min: yaushe rabonka da ganin ungulu a mahauta? Na yi ta lissafi. Muna firamare suna cika bayan kasuwa har muna jifan su. Ban san ranar da na daina ganin su ba, kuma ban taɓa tambaya ba. Tun 2015 aka sa irin ungulun nan tamu a jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa a duniya.

36/
Af, kuma dangin Ɗan Kwalli na nan a Afirka, kudu da Sahara, har Najeriya. Ana ce musu Graphiurus: ƙanana, ruwan toka, wutsiya buzu-buzu kamar ta kurege, suna hawa bishiya da rufin ɗaki da daddare. Wataƙila wani a cikinku ya taɓa bin ɗaya da takalmi. A garinku me ake ce masa? Ku ajiye min a ƙasa.

37/
Mu koma akwati. Fabrairu da Maris sun yi min tsawo. Kullum in na fita jami'a sai na bi ta rumfar, in tsaya daga bakin ƙofa. Sau biyu na kara kunne a jikin katakon, kamar zan ji zuciyar da ke bugawa sau kaɗan a minti. Sau ɗaya har na ɗora hannu a murfin, na tuna muryar matar nan, na janye. Abincin da muka ajiye ya ragu a kwanakin farko, daga nan ba a sake taɓa shi ba.

38/
Ƙarshen Afrilu Oma ta ce yanzu kam a duba. Ita ta buɗe, ni na kasa. Sheƙar na nan, da ɗan rami a tsakiya daidai girmansa. Babu shi, babu gawa. Na ce ko kyanwar maƙwabta ce? Ta ce kyanwa ba ta shiga kafar da yatsa uku ke cikewa.

39/
Jiya wajen sha ɗaya na dare ina dawowa daga laburare na ji motsi a itacen tuffa. Na haska fitilar waya. Yana kan reshe, ya rame, kunnuwa a tsaye, kwallin nan har bayan kunne, wutsiya cikakkiya da tunkunta. Ya kalle ni na daƙiƙa biyu ko uku, ya bi katanga ya haye rufi. Hannuna na rawa, hoton da na ɗauka duhu ne kawai da ganye.

40/
Da safe na gaya wa Oma. Ta ce shi ne. Duk kamarsu ɗaya, kuma rufin nata ba ɗaya ke ciki ba, amma ban yi mata musu ba.

Ƙarfe biyu na dare aka dawo da guje-guje a silin. Ina da jarrabawa a Yuli. Na sayo abin toshe kunne, Yuro 3.